Amsa ga Malam na Ringim kan manhajar karanta ajami

Malam, barka da hutawa. Ka ce ɗanka yana son haɗa manhajar da za ta karanta rubutun hannu na ajami, kana tsoron kada wani kamfani ya kai shi kotu. Kwantar da hankalinka. Ba a yi wa buri rajista, dabarar da aka bi ake ba wa takardar haƙƙin ƙirƙira.

Tsoron naka dai yana da tushe. A 1997 kamfanin Xerox na Amurka ya samu takarda kan Unistrokes, dabarar rubuta kowane harafi da jan alƙalami sau ɗaya ba ɗagawa. Ya maka masu na'urar Palm, wata 'yar kwamfutar hannu, a kotu kan tsarinsu na rubutu mai suna Graffiti, aka yi ta fafatawa har 2006, Palm ta biya dala miliyan 22.5 aka sasanta. Sai dai takardar nan shekara 20 take yi daga ranar nema, a can da nan Najeriya duka, ta Xerox kuwa tuni ta mutu. Kuma wadda aka bayar a Amurka ba ta da ƙarfi a Jigawa.

Ni a ganina inda gizo ke saƙa shi ne samfurin rubutu. Manhajojin yanzu da dubban misalai ake koya musu, galibi hannun Larabawan gabas. Mu kuwa a tsangaya ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. Ɗanka ya fara bin alarammomin ƙauyenku yana ɗaukar hoton alluna da wasiƙu, da izininsu.