Wai Interpol ce ta turo min imel, in biya kuɗin ko kar in biya?

Tambaya: Salam malam, jiya na ga saƙo a imel ɗina wai daga Interpol, sun ce an kama akwati da sunana a filin jirgi cike da daloli, wai in biya kuɗin takardar shaida cikin awa 48 ko a zo a kama ni. Har da hatimi da sa hannun wani babba. Wallahi hankalina ya tashi.

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ko sisi kar ka tura. 'Yan 419 ne ɗin nan da ka sani, kawai dai wannan karon kaki suka saka.

Interpol da hedkwatarta ke Liyon a Faransa ba ta da jami'an da ke kama mutum da kansu, aikinta haɗa 'yan sandan ƙasashe su riƙa musayar bayanai, to ta ina za ta rubuto maka tana neman kuɗi? Hatimi da sa hannu kuwa a intanet ake kwafo su, lokacin da Robert Mueller ke shugabancin FBI, wato hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, daga 2001 zuwa 2013 haka aka yi ta yawo da sunansa a irin waɗannan wasiƙu.

Ka danna sunan wanda ya turo ka ga ainihin adireshin, sau da yawa Gmail ne ko Yahoo, alhali hukumomin gaskiya da nasu adireshin suke amfani, misali na EFCC da efcc.gov.ng yake ƙarewa, na FBI kuma da fbi.gov. Amma shi ma adireshin ana iya yin jabunsa, don haka ni abin da na fi dubawa shi ne me suke so daga gare ni. Sun kwaɗaita maka daloli sun kuma tsorata ka da kamu a saƙo ɗaya, sannan suka saka awa 48 don kar ka samu damar tambayar kowa. In ka biya na farko gobe sai a ce kuɗin kwastam, jibi na lauya, haka za a yi ta tatsar ka, akwatin kuwa babu shi tun farko.

Kar ka ba su amsa, kar ka buɗe fayil ɗin da suka liƙa, kar ka taɓa link ɗin, shafin bogi zai kai ka ya nemi BVN da lambar katinka da OTP. In kuma ka riga ka saka wani abu a ciki, yanzun nan ka kira bankinka su toshe katin, ka canza password ɗin imel ɗin, sannan ka ɗauki hoton saƙon ka kai ƙara ofishin EFCC mafi kusa da kai.