Amsa ga 'yar'uwar da aka ce ta hure wa 'ya'yanta kunne

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa, tun bayan sallar asuba na karanta tambayarki, na ajiye waya na sake ɗauka har sau uku, don kamar labarina kika rubuta. Kin ce aurenku ya mutu shekara biyu ke nan, yara biyu suna hannunki, suna zuwa wurin ubansu ƙarshen mako. Ɗiyarki mai shekara bakwai ta dawo da shatin bulala a baya da cinyoyi, tun daga ranar in aka ce ta shirya sai ta ƙanƙame ki tana kuka, ke kuma kin hana su zuwa wata uku. Yanzu ga sammaci ya iso, uban ya ce ke kika hure musu kunne, a karɓe su a ba shi. Kina tambaya ko za a iya raba ki da su, da kuma ko ki koya wa yarinyar abin da za ta faɗa a gaban alƙali.

Bari in fara da ta biyun. Don girman Allah kada ki koya mata ko kalma ɗaya. Ni na yi, kuma saura ƙiris in rasa ɗana a kan haka.

Shekara tara da suka wuce, nan cikin garin Sakkwato, ɗana na fari yana da shekara shida. Ya dawo daga gidan ubansa wata Lahadi da yamma, na tuɓe shi zan yi masa wanka, sai na ga bayansa ruɗu-ruɗu. A daren nan ya yi fitsarin kwance, abin da ya bari tun yana shekara uku. Zuciyata ba ta kawo mini kowa ba sai amaryar ubansa, don dama akwai 'yar tsama tsakaninmu. Na zaunar da shi a gabana, na kunna ɗaukar murya a waya, na dinga cewa, "Anti ce ko? Gaya mini, ba zan bari ta sake taɓa ka ba. Anti ce ta buge ka?" Ya yi shiru, ya yi shiru, can ƙasa-ƙasa ya ce e. Na tura sautin ga yayyena da dangin ubansa, ina ganin na kama hujja. Asibiti kuwa ban kai shi ba, man kaɗanya na shafa masa. Kafin kwana goma shatin ya baje. Na kuma ɗauke ƙafarsa da ta ƙanwarsa daga gidan har wata biyar.

Da muka je kotu, shi tsohon mijin ne ya kunna wannan sautin, ba ni ba. Alƙali ya sa aka maimaita. Sannan ya dube ni ya ce, "Malama, a nan sau nawa yaro ya kama sunan wani?" Na ce bai kama ba. Ya ce, "Ke fa?" Sau shida na ambaci matar. Daga ranar har zama uku babu wanda ya ƙara tambayar abin da ya sami bayan ɗana. Magana ta koma kaina: me ya sa na hana zumunci, me nake gaya wa yara cikin dare, ina tarbiyyata, wa ke zuwa zance wurina. Wannan shi ne abin da nake ji miki tsoro. Da zarar an ce "ta hure musu kunne", shari'a takan tashi daga jikin yaro ta koma kan halin uwa, kuma duk abin da yaron ya faɗa daga baya sai a ce bakinki ne a bakinsa.

Abin da ya cece ni malamin Islamiyyarsa ne. Washegarin dukan ya lura yaron ba ya iya jingina da bango, ya ɗaga rigarsa ya gani. Tambaya ɗaya ya yi masa: "Me ya same ka?" Yaro ya ce baffansa ne, ƙanen ubansa da ke kwana a shagon ƙofar gida, ya zane shi da wayar wuta don ya fasa masa madubin mashin. Malamin ya rubuta ranar a bayan rajistarsa. Ashe amaryar da na ɗora wa laifi ita ce ma ta fito da gudu ta ƙwace shi. Dukan gaskiya ne an yi shi, amma wadda na kama ba ita ba ce, kuma da bakina na sa ɗana ya yi mata ƙarya, don yaro mai shekara shida in ya ga uwarsa tana kuka tana jiran wata amsa, ita zai ba ta. Na je har ɗakinta na nemi gafara. Har yau in na tuna sai in ji nauyinta.

Game da tambayarki ta farko, ki kwantar da hankali amma kada ki yi sake. Kotunanmu na shari'a mazhabar Malikiyya suke bi, kuma abin da ke cikin Risala, wadda ko a makarantun zaure ake karantawa, a fili yake: bayan saki riƙon yara na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasu ko ta yi wani aure, riƙo ya koma ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwar uwar. Uba yana can baya a layi, duk da al'adarmu ta cewa da an yaye yaro sai a mayar da shi gidan ubansa. Ciyarwa da sutura da makaranta kuma suna wuyansa ko yaran suna ina. Akwai hadisin matar da ta zo wurin Annabi (SAW) tana kukan uban ɗanta ya sake ta yana son karɓe shi, aka ce mata ita ta fi cancanta da shi matuƙar ba ta yi aure ba. Amma riƙon yana da sharuɗɗa: hankali, amana, iya kula da yaro, da wurin zama mai tsaro, musamman ga ɗiya mace. Ta ƙofar amana ɗin nan zai so ya shigo miki. Uba yana da haƙƙin ganin 'ya'yansa da sa ido a kan tarbiyyarsu da karatunsu, kuma wata ukun nan da kika hana su zuwa, ba tare da kin kai maganar ko'ina ba, shi ne makamin da ke hannunsa. Na fahimci dalilinki ɗari bisa ɗari, ni ma haka na yi. Sai dai alƙali ba ya ganin zuciya. Mai da'awa shi ke kawo shaida, kuma a maganar duka ke ce mai da'awa.

Bayan shari'ata na shiga aikin sa kai na raka mata kotu, a nan na gane ashe wannan rigimar ba tamu kaɗai ba ce. A Amurka wani likitan ƙwaƙwalwa, Richard Gardner, ya fito da maganar hure kunnen nan a 1985 kamar wata cuta mai zaman kanta, yana cewa yawanci iyaye mata ne ke cusa wa yara ƙin ubansu a lokacin shari'ar riƙo. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasarsu ba ta taɓa sa ta cikin jerin cututtukan da ta amince da su ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta cire kalmar daga kundinta a 2020. Amma a kotu ta yi aiki ƙwarai. Wata malamar shari'a, Joan Meier, ta bi hukunce-hukuncen kotunan Amurka na shekara goma, ta gano cewa in uwa ta yi ƙorafin cin zarafi, tana rasa riƙo a kashi 26 cikin ɗari, in kuma uban ya mayar da martani da cewa ta raba shi da 'ya'yansa, sai abin ya kai kashi 50. A 2023 Reem Alsalem, mai bincike ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan cin zarafin mata, ta kai rahoto tana gargaɗi a kan yadda ake amfani da wannan zargi a binne koken uwa da yaro. A Kanada kuma an duba ƙorafe-ƙorafen cin zarafin yara, aka samu waɗanda aka ƙirƙira da gangan a lokacin rigimar riƙo kashi 12 ne cikin ɗari. Ba kaɗan ba ne, amma ya yi nisa da abin da ake yawan faɗa cewa duk sharrin zawarawa ne.

Kada kuma 'yan'uwa mata su ji haushina in na ce hure kunnen ma akwai shi. Na gani da idona a gidanmu. Yayana ya rabu da matarsa lafiya lau, babu duka babu zagi, amma cikin shekara biyu 'ya'yansa in sun hango shi a bakin makaranta sai su ɓuya. An gaya musu ya sayar da su ne ya auri wata. Mutumin nan ya rame a tsaye. Ni kaina, da na binciki zuciyata, na tarar sau da yawa in ɗana ya ɓata mini rai nakan ce masa "mai halin ubansa". Wannan ma allura ce. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta haɗa mu duka biyu: kada a cutar da uwa da ɗanta, kada a cutar da uba da ɗansa. Abin da na lura da shi shi ne, yaron da aka zuga yakan yi magana da kalmomin manya, ya ce "ba ya ba mu haƙƙinmu", ya tsani kowa na ɓangaren uba har kaka, kuma in ka ce ya ba ka misali ɗaya sai ya rasa. Yaron da aka cutar kuwa sau da yawa ba ya ma son maganar, jikinsa ke yi: fitsarin kwance, firgita cikin barci, ƙin abinci ana gobe tafiya, kuma yakan ce yana son Baba amma ba ya son wancan ɗakin ko wancan mutumin. Wannan ba ma'auni ba ne da za a yanke hukunci da shi, abin lura ne kawai.

Yanzu abin da ya rage miki. In akwai sauran tabo, gobe-goben nan ki kai ta asibitin gwamnati, a buɗe kati, likita ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata. In kin ɗauki hoto a lokacin, kada ki goge, kada kuma ki ƙara tura wa kowa. Ki je makarantarta ta boko da ta Islamiyya ki tambaya ko akwai wanda ya lura da wani abu a makon, ba tare da kin gaya musu wanda kike zargi ba. Shaidar malami ɗaya ta fi ta 'yan'uwanki goma, don ba shi da riba a ciki. In ita da kanta ta ɗauko maganar, ki saurara, iyakarki "sai me ya faru?", sannan ki rubuta yadda ta faɗa da kalmominta bayan ta tashi.

Akwai wani abu da ba ki ambata ba, amma kin ce har da cinyoyi, shi ya sa zan faɗa. In kin ga alamar da ta wuce duka, wannan ba maganar sulhun zaure ba ce kuma. Akwai Cibiyar Nana Khadija a cikin Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, aikinsu ke nan, suna da masu duba yara da masu ba da shawara. Irin wannan ba a jira, don maganin kariya daga cuta mai karya garkuwar jiki cikin awa 72 yake aiki, kuma ba a yi wa yaro wanka ko a wanke tufafinsa kafin a je. Ki kiyaye harshenki kuma: ki faɗi abin da kika gani da abin da likita ya rubuta, kada ki kama sunan wani da alfasha a bainar jama'a ko a WhatsApp, don nan take za a juyo miki da ƙarar ƙazafi. A lokacina babu dokar da za mu riƙe a jiha, amma a watan Nuwamba na 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu a dokar kare yara da ta hana cin zarafi. Ma'aikatar mata da ƙananan yara tana da jami'an jin daɗin jama'a, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma tana taimaka wa wadda ba ta da kuɗin lauya.

A gaban alƙali kada ki ce ba za su ƙara zuwa ba har abada, ko da haka zuciyarki take so. Ki ce ba ki hana uba 'ya'yansa ba, tsoron maimaituwar abin da kika gani ne ya sa kika dakata, kuma kin yi kuskuren rashin kawo maganar da wuri. Sannan ke ki fara kawo mafita kafin a kawo miki: ya riƙa ganinsu da rana a gidan wani babba da ku biyun kuka yarda da shi, babu kwana, har a gano wanda ya yi dukan. Ni haka aka yi mini a ƙarshe. An bar mini riƙo, aka ce duk Juma'a bayan an sauko masallaci a kai su gidan Hajiya kakarsu ta wajen uba zuwa magariba, ba su koma kwana ba sai da baffan ya bar gidan. In hukunci bai yi miki daidai ba akwai babbar kotun shari'a, sama da ita akwai kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a, amma a nemi kwafin hukunci da wuri don lokacin ɗaukakawa ƙayyadadde ne.

Ranar zama ki tafi da mahaifiyarki in tana da rai da lafiya, alƙali ya gan ta, tunda ita ce ta biyu a layi, balle in kina da niyyar wani aure nan kusa. Ɗiyar kuwa ki bar ta ta tafi makarantarta. In alƙali ya ce a kawo ta, ki roƙi a ji ta a ofishinsa, ba a cikin taro ba, babu ke babu uban a ɗakin.