Kunun gyada da yayen mijin nawa

Wa alaikumussalam 'yata, tun jiya da daddare naga saƙonki, caji ne ya ƙare sai yanzu yaro ya karɓo min wayar daga shago. Kince sau biyu kenan ana ba mijin nawa kunun gyada, ko minti goma ba a yi jikinsa ya tashi da borin jini ruɗu-ruɗu, na biyun har leɓe ya kumbura ya yi amai, gashi za a kai shi yaye gun kakarsa Inna, ita kuma tace kunun gyada shine abincin yaye tun kaka da kakanni, a yi ta ba shi har jiki ya saba. Wai ko kin saɓa al'ada in kin hana?

Toh kai yaro yaye gun kaka babu laifi, mu ma haka aka yi mana, kuma Inna ba ƙarya tayi ba, ƙasar nan ƙasar gyada ce, iyayenmu sun ga dalar gyada a Kano da idonsu, yawancin yaranmu da ita suka tashi lafiya lau. Har wani bincike da aka fitar a Ingila a 2015 ya nuna jaririn da aka fara lasa wa gyada da wuri yafi tsira daga wannan matsala, kinga tsofaffinmu ba a banza suke yi ba. Amma wannan rigakafi ne tun abin bai fito ba. Wanda jikinsa ya riga ya nuna baya so, ɗurawa a gida ba ta sa shi ya saba, na gaba ma yana iya fin na baya muni.

Lokacin ina aiki a ƙaramin asibitin garinmu an taɓa kawo wani yaro a mashin, kantun riɗi kawai ya ci, fuskar ta haye ido ya rufe, murya ta dishe, numfashi na fita da ƙara kamar ana busa sarewa, uwar ko mayafi babu. Kafin su taho sun tsaya ɗura mishi manja wai zai kashe dafin, wlh saura ƙiris. Allurar adiranalin aka yi mishi a cinya sannan ya dawo. Shi yasa nake gaya miki, in kinga harshe ko leɓe na kumbura, ko numfashi na sarƙewa, ko yaro yayi laƙwas, kar ki tsaya kemis, kar a ɗura komai a baki, a nufi asibiti. Rubutu da tofi a yi, ban hana ba, amma tofi a hanya, rubutu kuma sai bayan an dawo. Piriton ƙaiƙayi yake kwantarwa, baya buɗe maƙogwaro, shi ma sai yadda ma'aikacin lafiya ya auna miki.

Kuma ba kowane ƙurji bane borin jini. Shi yana tashi faffaɗa, ya ɓace nan ya ɓullo can, da wuya tabo ɗaya ya wuce kwana. Ƙurajen zafi ƙanana ne a wuya da bazara, ƙyanda da zazzaɓi da jan ido da mura take zuwa, ƙazuwa tsakanin yatsu da susa cikin dare.

Aikin dake gabanki shine gyadar da ba a gani. Kunu kowa ya sani, amma ƙuli-ƙulin cikin kwaɗon zogale da rama fa? Yajin tsire, kilishi, miyar taushe, fate, man ƙuli na gida, duk tana ciki. Ga yaran gidan suna cin kwano ɗaya, wata yayarsa don so sai ta gutsura mishi ƙuli a baki, su ma a gaya musu. Sai dai kar tsoro yasa ki hana shi komai, in yana cin ƙwai da kifi da wake da nono ba abinda ya same shi ki ci gaba da ba shi, na sha ganin uwa ta hana wannan ta hana wancan ƙarshe tamowa ta kama yaro. Borin jini na ƙwai da madara yara da yawa suna rabuwa da shi in sun girma, na gyada kam yafi naci, kar ki ce bari in gwada da kaina bayan wata shida. Ku je babban asibiti likita ya gani, in ta kama ya tura ku asibitin Malam Aminu Kano.

Maganar Inna kuma, ke suruka ce, kar ki ja da ita baki da baki, sai a ce kin raina tarbiyyarta. Ki sa maigidanki ya faɗa mata, ɗanta ne, in da hali ma ranar asibitin a tafi da ita taji daga bakin likita, tsofaffi in sun ji da kunnensu sun fi kowa tsaro. Kayan yayen ki haɗa da garin gero da tsamiya ki kai mata da ladabi, a dama mishi koko ko kunun tsamiya, a ware mishi kofinsa da ludayinsa.

In kuma taƙi, a ɗaga yayen zuwa bayan sallah, ba wahayi bane. Ranar Juma'a insha Allahu zan shigo, ni da ita tsara ne, zan san yadda zan ɓullo mata. Ki shafa min kan angon.