Ɗiyata, mijin ya fi matar ciwo

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Na ga tambayarki tun shekaranjiya, na bari sai na samu natsuwa, don ba abin amsawa a tsaitsaye ba ne. Kin ce an ba ku aiki a jami'a kan wasan Makbes na Shekspiya, kuma abin da ya ɗaure maki kai shi ne: matar ce ta zuga, ita ce mai taurin zuciya, to me ya sa ita ta zauce, mijin da ya soka wuƙar ya tsaya da ƙafafunsa har filin daga? Na ga wasu sun riga sun ce maki raunin mace ne. Su yi haƙuri, ban yarda ba. Shekara da shekaru na koyar da wasan nan a wata makarantar 'yan mata ta kwana nan jihar Katsina kafin in yi ritaya, sau uku muka taka shi a dandali, kuma abin da na gani shi ne mijin ya fi matar ciwo. Nata ne dai ya fito fili.

Ki fara lura da irin laifin da aka ɗora masu. An yi Makbes na gaske a Sikotilan, ya yi sarauta daga 1040 zuwa 1057, kuma a yaƙi da rundunarsa aka kashe Sarki Dunkan, yadda sarakunan wancan zamani suka saba yi wa juna. Da a haka aka bar labarin da ba a samu wasa ba, don wanda ya kada abokin gaba a daga kirari yake yi, ya je ya sha barcinsa. Da Shekspiya ya zo rubutawa wajen 1606, sai ya mai da Dunkan dattijo mai kirki, ya kawo shi kwana gidan Makbes bayan ya gama yi mashi ƙarin sarauta. Makbes da bakinsa ya lissafa: ɗan'uwana ne, sarkina ne, kuma baƙona ne, ni ya kamata in tare ƙofa in an zo kashe shi. Bahaushe ba sai an yi mashi dogon bayani a nan ba. Amana uku ya ci a dare ɗaya, kuma yana sane.

Daren kisan, wa ya fara rikicewa? Shi. Tun bai shiga ɗakin ba ya fara gane-gane, wuƙa na yawo a iska gabansa, ƙotarta ta juyo wajen hannunsa. Da ya fito, abin da ya fara damunsa wai ya ji wasu masu barci sun farka, ɗaya ya ce Allah ya yi mana albarka, ɗayan ya ce amin, shi kuwa amin ta maƙale mashi a wuya. Kowace shekara in muka zo nan ajin kan yi tsit, don yaran sun san nauyin a ce mutum ya buɗe baki zai ce amin ta ƙi fita. Ya ce ya ji murya tana yi wa gidan shela cewa Makbes ya kashe barci. Ya manta ya fito da wuƙaƙen a hannu, aka ce ya mayar, ya ce ba zai iya sake kallon abin da ya yi ba. Ya dubi tafinsa ya ce ko teku ba za ta wanke shi ba, sai dai ita ta rine ta koma ja. Matar ta fizge wuƙaƙen, ta je ta shafa wa dogarawan sarki jini, ta dawo ta ce ɗan ruwa kaɗan ya isa.

Wata ɗalibata da ta fito a matsayin matar ita ta ba ni fassarar da ban samu a littafin sharhi ko ɗaya ba. Muna gwaji, mun jiƙa zoɓo a madadin jini, sai ta ce, "Malama, ai nata ba zoɓo ba ne, lalle ne." Na ce ta yaya? Ta ce zoɓo nan take yake nunawa, a wanke ya fita. Lalle kuwa lokacin da aka ƙunsa kore ne, sai ya kwana yake kamawa, in ya kama kuma sabulu ba ya fidda shi.

In kin koma baya za ki ga tun farko matar nan ba dutse ba ce, kwaikwayon dutse take. Da wasiƙar mijinta ta zo, sai da ta roƙi iskoki su cire mata halin mata, su toshe hanyar da nadama za ta biyo ta shigo. Wanda ba ya da tausayi ba ya roƙon a cire mashi tausayi. Daren kisan sai da ta sha giya sannan ta samu ƙarfin hali, ita ta faɗa. Ta kuma ce da tsohon bai yi kama da ubanta ba yana barci, da da hannunta za ta yi. A kashi na uku, fitowa ta biyu, ki karanta a hankali: tana ita kaɗai take cewa ba su samu komai ba, sun yi asarar komai, gara wanda aka kashe da irin wannan zama. Mijin na shigowa ta gyara fuska, ta hau yi mashi faɗan ya daina tunani, abin da ya faru ya faru. Ta ɗauki maganar nan ta cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ta yi ta zubawa, ba ƙofar fita.

Sai kuma mijin ya yanke ta. Mutumin da ya rubuto mata sirrinsa tun yana hanya, yanzu zai sa a kashe amininsa Banko, ta tambaya, ya ce ba sai ta sani ba. Ranar walimar da ya ga fatalwar Banko kan kujerarsa ya dinga sambatu gaban hakimai, ita ta rufa mashi asiri, ta ce tsohon ciwo ne tun yana yaro, ta sallami mutane. Daga nan ba a sake ganinta ba, kashi na huɗu gaba ɗaya babu ita. Mutum ɗaya tak a duniya take iya yi wa maganar daren nan, shi ma ya juya mata baya. Da aka sake nuno ta a kashi na biyar, tafiya take cikin barci, ido buɗe ba ta gani. Wadda ta kira duhu ya zo ya lulluɓe su, yanzu ta ba da umarni kada a raba ta da kyandir. Mai yi mata hidima ta ce takan yi minti goma sha biyar tana murza hannu. Tana cewa wa zai zaci tsohon nan yana da jini haka, tana cewa duk turaren ƙasar Larabawa ba zai kashe ƙarnin hannun nan ba. Abin da ya fi taɓa ni, ta ambaci matar Makdof, wani hakimi, wadda Makbes ya sa aka kashe, tana tambayar ina take yanzu. Wannan kisan ba da ita aka yi shawara ba. Amma ita ta buɗe ƙofar, don haka duk abin da ya biyo ta ciki ta lissafa a kanta.

Shi kuwa hanyarsa daban. Ya ce kansa cike yake da kunamu, mafarkai na girgiza shi kowane dare, har yana kishin Dunkan da ke kwance cikin kabari yana barci lafiya. Maganin da ya nemo wa kansa shi ne ƙarin jini. Ya ce ya riga ya kutsa cikin kogin har tsakiya, komawa da ƙetarewa duk wahala ɗaya. Ya ajiye ɗan leƙen asiri gidan kowane hakimi. Bayan ya koma karo na biyu wajen matsafan da suka fara yi mashi albishir ɗin sarauta, ya yi wa kansa alkawari, daga yau abin da zuciya ta raya hannu ya aikata nan take. Me ke nan? Kada a bar wa tunani fili. Ya sa aka yanka matar Makdof da 'ya'yanta, kisan da bai ƙara mashi komai ba. Dabarar ta yi aiki, fatalwa ta daina zuwa cin abinci da shi. Amma ki ga farashin. Ranar ƙarshe ya ji mata sun sa ihu cikin gida, ya ce ya kusa manta ɗanɗanon tsoro, da can ko labarin dare aka ba shi gashinsa tashi yake. Aka ce matarka ta mutu, bai zubar da hawaye ba, ya ce rayuwa tatsuniya ce da wawa ya bayar, hayaniya kawai ba ma'ana. Mai ciwon kuturta yakan ƙone a hannu bai sani ba, don jijiyar da ke kai saƙon zafi ta mutu, kuma ba wanda zai ce rashin jin zafin nan lafiya ce.

Na san wannan hanya ta biyu, don na taka ta, ko da yake nawa bai kai jini ba. Ina malamar ɗakin kwana, kuɗin wata yarinya suka ɓace, naira ɗari uku, kuɗi ne a lokacin. Zargi ya faɗa kan wata 'yar aji uku, shiru-shiru, daga ƙauye. Ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ni kuma na riga na yanke. Na kai maganar sama aka ce ta tafi gida ta zo da mahaifinta. Mahaifin bai zo ba, ita ma ba ta dawo ba, daga baya na ji an yi mata aure. Ƙarshen zango ana share ɗaki aka tsinci kuɗin ƙulle cikin ɗankwali, sun faɗa bayan akwatin mai su. Ni aka kawo wa. Na miƙa wa mai kuɗin, na ce kada in ji maganar a bakin kowa.

Za ki zaci daga nan na zama mai sanyin hali. Ina! Tsanani na ƙara. Duk yarinyar da aka kawo mani da laifi sai in ji haushi ya taso mani fiye da laifin, kamar ina son in tabbatar wa kaina cewa yaran nan duk maƙaryata ne, don haka waccan ma ko ba ta ɗauki waɗannan ba ta ɗauki wasu. Barci kuwa ƙarfe biyu na dare nake farkawa, in yi ta juyi har kiran assalatu. Na je asibiti aka ce hawan jini. Da rana ina tsaye gaban allo ina yi wa yara bayanin hannun da ba ya wankuwa, ina ba su maki. Hadisin Nawwas ɗan Sam'an da muka haddace tun muna Islamiyya, cewa zunubi shi ne abin da ya sosu a ƙirjinka ka ƙi mutane su gani, a jikina na karance shi.

Ga abin da nake so ki sa a aikinki, in malaminki zai karɓa. Nadama daban, tuba daban. Makbes da matarsa duk sun yi nadama, ba wanda ya tuba. Ba wanda ya furta wa mai haƙƙi, ba wanda ya yi tunanin ajiye rawanin da aka samu da jini. Ƙabila ɗan Annabi Adam ma da ya kashe ɗan'uwansa, Suratul Ma'ida ta ce ya wayi gari cikin masu nadama, bayan hankaka ya nuna mashi yadda ake binnewa. Likitan da ya yi gadin matar ya gane haka, ya ce ta fi buƙatar malamin addini da likita, ya kuma ce a kawar da duk abin da za ta iya cutar da kanta da shi, a sa mata ido. A ƙarshen wasan Malkom ɗan Dunkan ya ce ana zaton ita ta kashe kanta. Ba a nuna ba, zato ne aka faɗa, ki rubuta shi a haka.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya je ya fara kallon maƙwabciyarsa. Wasa wasa ne. A zahiri yawancin masu fama da rashin barci, ko waswasin wanke hannu da maimaita alwala, ko jin cewa su masu laifi ne, ba su yi wa kowa komai ba. Ciwon damuwa shi kansa yana sa mutum ya ɗora wa kansa laifin da bai yi ba. Na san matar da ɗanta ya rasu da zazzaɓi ta shekara tana cewa ita ta kashe shi don ba ta kai shi asibiti da wuri ba. Irin wannan ba a ce mata ta tona asiri, likitan ƙwaƙwalwa ake kai ta, a haɗa da addu'a, kuma zuwa asibitin Barnawa ko Dawanau ba abin kunya ba ne. A zamanin Shekspiya likitan ya ce ciwon ya fi ƙarfin saninsa. Yau akwai magani da masu sauraro.

Ni dai sai bayan shekara goma sha ɗaya na je. Wata tsohuwar ɗaliba ta yi mani kwatance, na shiga mota daga Katsina zuwa Daura, daga can na hau mashin zuwa ƙauyen. Na same ta tana sussuka, da goyo. Ta gane ni kafin in yi sallama ta biyu, ta shimfiɗa tabarma, ta dama fura. Na faɗa mata an ga kuɗin tun shekarar, kuma ni na ɓoye. Ta daɗe tana juya ludayi cikin ƙwarya. Can ta ce, "Malama, ai na san ban ɗauka ba. Baba ne ya rasu bai sani ba." Ta ce ta yafe. Na roƙe ta ta ba ni babbar ɗiyarta in sa ta makaranta, ta ce sai ta yi shawara da maigidan. Bayan sallar layya suka kawo ta.