Fawa bank mai sola a bayansa ba zai riƙe ku kwana biyar a Gashaka ba

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu natsuwa, don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce ku huɗu ne za ku yi kwana biyar a dajin Gashaka-Gumti cikin watan Janairu, kana so ka san ko fawa bank ɗin nan mai ɗan farantin sola manne a bayansa, wanda aka rubuta wa 20,000mAh (ma'aunin yawan wutar da batiri ke ɗauka), zai ishe ku cajin wayoyi da tociloli har ku fito.

Ba zai ishe ku ba. Kuma ina roƙonka kada ka ɗora tafiyarku a kansa, domin ni na taɓa yi, na ga ƙarshensa.

Shekarun baya ina aikin auna gonaki a ƙauyukan da ba su san wutar lantarki ba, waya ce kayan aikina, da ita nake ɗaukar iyakar kowace gona. Na sayi irin wannan fawa bank ɗin a wata kasuwar waya, mai shagon ya ce in dai akwai rana na rabu da matsalar caji. Kullum da hantsi nakan ɗora shi a kan rufin rumfa, ɗan koren haske ya kama, hankalina ya kwanta. Da la'asar in sauko da shi, hannu ba ya iya riƙe shi don zafi, cajin kuwa yana nan inda na bar shi. A kwana na uku na ga gefensa ya fara buɗewa, batirin ya kumbura. Wayata ta mutu, manoma goma sha wani abu suna zaune suna jirana, wasu sun baro aikinsu tun safe. Har yau ina jin nauyin mutanen nan.

Da na dawo gida na zauna na yi lissafi, sai na ga ashe abin a fili yake. Batirin da aka rubuta wa 20,000mAh, in har rubutun gaskiya ne, yana ɗauke da wuta 74Wh. Wh ɗaya shi ne wat ɗaya na tsawon awa ɗaya. Ɗan farantin da ke bayansa, wanda bai wuce tafin hannu ba, ƙarfinsa wajen wat ɗaya ne. Ko da ka samu awa biyar ta rana mai kyau, 5Wh ka tara a wuni. Ka raba 74 da 5 ka gani: mako biyu cur, ban da abin da ke zubewa a hanya. Koren hasken nan ba ƙarya yake ba, wuta na shiga, amma ɗigo ne a cikin tulu. Babbar illar ma ita ce an haɗa abu biyu da ba sa zama wuri ɗaya. Faranti rana yake so, batiri kuma inuwa yake so. Batirin waya da na fawa bank ba a so a caja su in zafinsu ya haura digiri 45, kuma baƙin abu da ya wuni a rana ya wuce haka da nisa.

Abin da nake amfani da shi yanzu kashi biyu ne a rabe. Akwai farantin sola mai naɗewa kamar littafi, mai ganye huɗu, an rubuta masa wat 28, nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba. Sai fawa bank na kansa daban, marar sola. Igiyar caji mai ɗan tsawo ce ke haɗa su, faranti na rana, fawa bank na cikin jaka a gindin bishiya ko ƙarƙashin hula. Ka ɗauki farantin kamar indararo, fawa bank kuma randa. Ba wanda ke tara baki a indararo in yana jin ƙishi. Randa ake tarawa, a sha daga baya. Da rana a cika fawa bank, da daddare a caja wayoyi daga gare shi.

Dalilin da ya sa ba na jona waya kai tsaye a faranti shi ne wutar sola ba ta tsayawa wuri ɗaya. Gajimare ya gifta, ko wani ya tsaya ya yi maka inuwa, wuta ta faɗi. Wasu wayoyin da zarar haka ta faru sai su daina karɓar caji, ko su koma ja a hankali, ba za su farfaɗo ba sai ka zare igiya ka mayar. Wasu kuma duk dawowar wuta sai fuskarsu ta haska, ta cinye abin da ya shiga. Ga kuma zafi, tunda wayar na kusa da faranti. Fawa bank ya fi haƙuri, abin da ya zo masa karɓa yake yi.

Wat 28 ɗin da aka rubuta ma kada ka sa ran ganin sa. A ɗakin gwaji ake auna shi, da haske mai ƙarfin wat 1,000 a kan kowane murabba'in mita, faranti kuma na kan digiri 25. A daji faranti kan kai digiri 60, kuma duk digiri ɗaya da ya ƙaru a kan 25 yana rage ƙarfinsa da kusan kashi 0.4 cikin 100. Sannan ramin USB na gargajiya, mai bolt 5 da amfiya 2.4, iyakarsa wat 12 ne komai girman farantin. Ina da ɗan abin gwaji da ake sa wa tsakanin faranti da igiya, yana nuna wutar da ke wucewa. A rana mai haske tsakanin ƙarfe goma da ƙarfe uku, abin da nake gani bai cika wuce wat 10 zuwa 12 ba. Wato wajen 50Wh a wuni, in an shimfiɗa shi wuri ɗaya ana juya shi.

To ga inda Gashaka ta bambanta da inda muka saba. Mu mutanen Kano da Katsina da Maraɗi in aka ce daji, fili muke hangowa da bishiyoyi jefi-jefi, rana ko'ina. Gashaka-Gumti shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ya ratsa Taraba da Adamawa, kuma ɓangaren kudu, wanda ake shiga ta Serti, kurmi ne da kwazazzabai da tsaunuka. Na shiga sau biyu. Akwai wuraren da za ka yi tafiyar awa uku rana ba ta taɓa ƙeyarka ba sai ɗan tsilli-tsillin da ke ratso ganye. Hotunan talla da ke nuna mutum ya rataya faranti a bayan jakar goyo yana tafiya yana caji, na gwada hakan a can. Ɗan abin da na tara a wuni bai cika rabin waya ba. Ƙwayoyin faranti a jere ake haɗa su, inuwar reshe ɗaya ta faɗa kan ɓangare guda sai ta ja sauran ƙasa. Ga shi kana juyawa gabas da yamma, faranti na kallon inda ba rana. Kuma awannin da rana ta fi ƙarfi su ne awannin da kuke kan ƙafa.

Saboda haka shawarata ita ce ku bar gida da wutarku a cike, sola ta zama ƙari. Yawancin wayoyinmu, su Tecno da Infinix da Redmi, batirinsu 5,000mAh ne, wajen 19Wh. Fawa bank mai 20,000mAh na gaske zai cika irin wannan wayar sau biyu da rabi ko kusa da uku, ba sau huɗu ba, don wani kaso na tafiya wajen sauya wutar da kuma zafi. Idan kowannenku ya riƙe nasa guda ɗaya a cike, wayarsa ma a cike, yana da cikon waya kusan huɗu a kwana biyar. Mai tattali ya wadatu. Sai ku haɗa kuɗi ku sayi faranti guda mai wat 21 zuwa 28 na ku duka, ku riƙa shimfiɗa shi lokacin hutun azahar da kuma ranar da kuka yada zango ba ku tashi ba. Da kwana biyu za ku yi, da na ce ku bar zancen sola gaba ɗaya, nauyi ne kawai.

Wani abin da ba ka sa a lissafinka ba, ku ba huɗu ba ne. Ba a shiga gandun sai da ma'aikatan da ke gadinsa, kuma wataƙila ku ɗauki masu taya ku dakon kaya. Su ma suna da wayoyi, kuma wayar mai yi muku jagora ta fi taku muhimmanci in wani abu ya taso. Mutumin da ya wuni yana share muku hanya ba ya kamata ya roƙi caji sau biyu. Mu dai tsarinmu da daddare shi ne a fara da wayar jagora, sai wadda ke ɗauke da taswira, sai tociloli, sauran su biyo baya.

Tattalin wuta kuwa ya fi neman ta sauƙi. Babu abin da ke shanye batiri a daji kamar waya ta wuni tana laluben sabis inda babu shi, kuma a cikin gandun sabis sai an dace, galibi a kan tudu. Da kun wuce inda yake kamawa, kowa ya danna alamar jirgin nan. GPS ba ya buƙatar sabis, daga tauraron ɗan'adam yake karɓa, in dai ka sauke taswirar yankin tun a gari za ta nuna maka inda kake. Ka rage hasken fuskar waya, bidiyo kuma a yi shi da awo, don shi ne babban mai ci. Ni nakan tafi da ƙaramar Nokia mai madanni, a cike, a kashe, cikin leda a ƙasan jaka. Ba na kunna ta sai don kiran gida ko larura.

Wajen shimfiɗa faranti, a Janairu rana tana karkata kudu da tsakar rana. Ka fuskanci gabas, kudu na hannun damanka. Ka jingina shi da jaka ko dutse yana kallon can, ka ɗaga shi kamar kashi ɗaya cikin uku na tsakanin kwance da tsaye. In kana so ka tabbatar, ka ɗora murfin gora a kansa: idan inuwar murfin ta ɓuya a ƙarƙashinsa, ya fuskanci rana sosai. Bayan awa ɗaya ko biyu ka sake gyarawa. Ka bar ɗan sarari a bayansa iska ta riƙa shiga, kada ka shimfiɗa shi a kan fa mai zafi ko rufin mota. Lokacin hazo ne kuma, ranar da ya sauko sosai za ka ga wutar ta ja baya, wannan babu yadda za ka yi da shi. Amma ƙurar da ke kwanciya a kan faranti tana hannunka, ka goge ta da tsumma mai laushi safe da rana.

Kada ku bar shi a shimfiɗe ku tafi. A Yankari na ga yadda birai ke wawure duk abin da aka ajiye ba mai tsaro, kuma Gashaka ma ƙasarsu ce. Da magariba a naɗe shi a shigar tanti, don raɓar can tana da yawa, tana shiga ramin USB ta sa tsatsa. Za ku kuma tsallaka rafuka, don haka fawa bank da igiyoyi su zauna a leda mai ɗaurewa. In za ku hau sama wajen tsaunuka, inda tsaunin Chappal Waddi yake mai tsayin mita 2,419, darensu akwai sanyi na gaske, kuma sanyi na sa batiri ya nuna ya ƙare alhali da saura. Ka kwana da waya da fawa bank a cikin bargonka.

Igiya kuma ka tafi da uku. Ita ce mafi arha a kayan, ita ce kuma ta fi saurin cin amana. Siririyar igiya mai araha tana iya riƙe maka wuta mai yawa ba ka sani ba. In ta jirgi za ku bi zuwa Yola ko Jalingo, fawa bank a jakar hannu ake sa shi, ba ya shiga kayan awo, kuma iyakar da aka saba yarda da ita 100Wh ce, wajen 27,000mAh.

Wajen saye, hannunka zai gaya maka rabin gaskiya. Fawa bank mai 20,000mAh na ƙwarai yana da nauyi, wajen giram 350 zuwa 450. Idan an rubuta 50,000 ka ɗaga ka ji shi sakayau kamar sabulu, ajiye musu kayansu. Sauran gaskiyar a gida za ka gano ta. Tunda da sauran lokaci kafin Janairu, ka cika shi, ka ƙirga sau nawa zai cika wayarka kafin ya mutu. Sannan ka fitar da faranti tsakar gida da ƙarfe goma, ka jona fawa bank ɗin da ya ƙare, ka duba shi da ƙarfe uku. Abin da ka gani a nan shi ne mafi yawan abin da za ka samu a can, a kurmi ma ƙasa da haka.

In ka je shago, kafin ka biya ka ɗauki hoton rubutun da ke bayan farantin da na fawa bank ɗin ka turo mini, in sha Allah zan duba maka. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.