Danjar motata tana zufa kuma ta yi baƙi, meye mafita?

TAMBAYA: Salam Malam, dan Allah ina da tambaya. Fitilar bayan motata ta gefen dama duk sanda aka yi ruwa ko na kai ta wanki sai in ga ta yi zufa ta ciki, yanzu ma har ruwa ke kwanciya a ƙasanta, kuma jan nan nata ya dushe ya koma baƙi-baƙi, na goge na goge amma ko gezau. Wani ya ce in zagaye ta da gam in toshe ko'ina. In yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tsaya tukuna, kar ka toshe ko'ina. Fitilar mota dama ba a yi ta a rufe ruf ba, a bayanta akwai 'yan ƙananan ramuka na shan iska, wasu da ɗan bututun roba a lanƙwashe, saboda in kwan fitila ya yi zafi iskar ciki ta samu hanyar fita, in ya huce wata ta shigo. Shi ya sa ɗan hazo-hazon da kake gani da sassafe ko bayan wanki ba matsala ba ne, raɓa ce, rana na fitowa ko ka kunna fitila na ɗan lokaci sai ya ɓace. In ka liƙe ramukan nan da gam to ka kulle danshin a ciki kenan, ba shi da ƙofar fita.

Amma naka ya wuce raɓa, tunda har ruwa na kwanciya to yoyo ne. Wuri uku ake fara dubawa: soson robar da ke tsakanin fitilar da jikin mota, wanda in ya tsufa yake lotsewa ya daina riƙe ruwa, sai ɗinkin da ya haɗa jan murfin da baƙar robar baya, yakan tsage siriri kamar gashi musamman in an taɓa ɗan gogar motar ta baya ko an ɗaure noti da ƙarfi fiye da kima, sai kuma zoben roba na bakin soket. Ka kwance ta daga cikin but, yawanci noti biyu zuwa huɗu ne, ka cire kwayayen, ka zubar da ruwan, ka bar ta ta bushe sosai. In da abin busar da gashi za ka yi, ka sa ƙaramin zafi daga nesa, don jan murfin nan yawanci wata irin roba ce da ake kira akirilik, wajen digiri 100 na Celsius take fara laushi. Ta bushe sai ka zuba ruwa a hankali a kan ɗinkin ka ga inda yake shiga, nan kaɗai za ka sa gam. Kuma ka guji gam ɗin nan na silikon mai warin tsami, tururinsa na cin ƙarfen soket.

Maganar baƙin kuwa, dalilin da ya sa ka goge ba ta fita ba shi ne abin a ciki yake. Bayan kwan akwai wani fenti mai ƙyalli kamar madubi, aluminiyam ne siriri sosai aka fesa a kan roba, shi ke turo haske waje, to ruwa in ya daɗe a kansa sai ya cinye shi ya koma toka-toka ko baƙi, ga ƙurar da ruwan ya shigo da ita ta zama laka ta manne, wani lokacin har gansakuka. Ƙura da laka sukan fita da ɗauraya, amma madubin in ya ci to ya ci, gaskiya sai dai canji.

Ka duba kwan ma. Na birki yawanci watt 21 ne, na danja watt 5, mai zare biyu wanda ya haɗa aikin biyun za ka ga an rubuta 21/5W a gindinsa. Wasu masu wayarin in ba su samu daidai ba sai su cusa wanda ya fi ƙarfi wai ai ya fi haske, zafinsa ya dinga gasa robar har ta yi baƙi ta kumbura daidai saitin kwan. In ka ga kore-kore ko farin gari a soket ka kankare ka shafa giris na lantarki, wannan tsatsar ce ke sa in mutum ya kunna sigina fitilar birki ta hau ƙiftawa tare da ita.

TAMBAYA: Malam ni tawa LED ce, ba ruwa a ciki amma wajen ya yi dishi-dishi. An ce man birki na dawo da ita sabuwa?

AMSA: Hajiya kar ki bari a shafa mata man birki, ko fetur ko tina. Ranar farko za ta yi sheƙi ki ji daɗi, daga baya ta fara tsattsagewa ƙanana-ƙanana, ga man birki in ya ɗiga a jikin mota yana cin fenti. Rana ce da ƙura da hayaƙin salansa suka dusar da ita. A wanke da sabulu, a bi ta da samfefa mai laushi a jiƙe, lamba 2000 sannan 3000, a ƙarasa da folish. Sai dai ki riƙa lura da ita bayan wanki, LED ba ta zafin da zai busar da danshi kamar kwan fitila irin na da, kuma in ruwa ya taɓa allon lantarkinta a mafi yawan motoci ba a canza kwai ɗaya, fitilar gaba ɗaya ake saukewa. Ki ce wa mai wanki ya daina kafa bakin injin feshi daf da gefenta.