Ginin ƙasa a zamanin bulo, zai yiwu?

Tambaya: Salam Malam, ina da fili a Kumbotso, gidan zamani nake so amma da jar ƙasa, magina sun ce damina za ta cinye shi. Ya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa wallahi kar ka fasa, shiga Gidan Makama da tsakar rana ka ji sanyi, bangon tubali mai kauri ne ke tare zafin. Ruwa a gindin bango shi ke kashe ginin ƙasa, don haka fandisho ya zama na dutse da siminti ya ɗaga sosai, indararo ya zubar nesa, yaɓe kuma da makuba don siminti ɓamɓarewa yake. In akwai darbejiya a filin don Allah kar a sare, a bar ta tsakar gida.